Babi na Shida: Karatu a Kudu, Aiki a Arewa

A cikin yarjejeniyar da 'yan Inuit na gabashin Arewacin Kanada suka sa wa hannu tare da gwamnatin tarayya a 1993 akwai wani sashe da duk ma'aikacin gwamnati a garin Iqaluit ya haddace lambarsa, wato Sashe na 23. Abin da ke cikinsa a fili yake. Yawan 'yan Inuit a aikin gwamnati zai yi daidai da yawansu a cikin jama'ar yankin, kuma a kowane mataki, tun daga akawu har zuwa babban sakatare. Su ne kimanin kashi 85 cikin ɗari na mutanen yankin, saboda haka kashi 85 na kujerun ofis nasu ne. Da wannan alkawari a hannu aka kafa yankin Nunavut ranar 1 ga Afrilu 1999, aka yi bikin da dattawan da suka kwashe shekara ashirin da wani abu suna ja-in-ja da gwamnatin tarayya ba su zaci za su gani da idonsu ba.

Yau an haura shekara 25, kuma adadin yana maƙale a wajen rabi. Shi ma rabin, idan aka buɗe cikinsa, wani labarin ne. A ƙananan kujeru, irin na masu karɓar baƙi da sakatarori da masu tsare fayil, 'yan Inuit sun haura kashi 80. A kujerun da ake neman digiri, irin na nas da akanta da injiniya da lauya da malamin sakandare, ba su kai ɗaya cikin uku ba. Sauran 'yan Kudu ne, Qallunaat kamar yadda ake ce musu a can, waɗanda akan ɗauko a jirgi, a ba su gida da alawus, su yi shekara biyu ko uku su tattara su koma. Duk da haka shekara da shekaru fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na guraben gwamnatin babu kowa a kansu, alhali Nunavut ce kan gaba a rashin aikin yi a duk faɗin Kanada. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Abin da ya shiga tsakanin saurayi ɗan Inuit da kujerar da doka ta ce tasa ce takarda ce, kuma inda ake ba da takardar yana da nisan dubban kilomita daga ƙofar gidansu.

Sai mai karatu ya fara auna nisan nan kafin ya ga laifin kowa. Faɗin Nunavut ya ninka na Najeriya sau biyu har da ɗoriya, amma ƙidayar 2021 ta samu mutum 36,858 ne kacal a cikinta, a warwatse cikin garuruwa 25. Babu titin mota ko ɗaya da ya haɗa wani gari da wani, balle ya haɗa su da Kudu. Jirgin sama ne hanya; kaya masu nauyi kuwa sai teku ta narke a ɗan lokacin zafi jirgin ruwa ya kawo. Nunavut kuma ɗaya ce daga cikin yankuna huɗu na ƙasar Inuit a Kanada, sauran su ne Nunavik a arewacin Kwibek, Nunatsiavut a Labrado, da yankin Inuvialuit can yamma. Garuruwa 51 ke nan gaba ɗaya, kuma babu ɗaya da ke da jami'a. 'Yan'uwansu na Girinlan, da teku kawai ta raba su, suna da tasu, Ilisimatusarfik, a birnin Nuuk tun 1987. Kanada, ƙasar da ɗalibai daga ko'ina a duniya ke rububin shiga jami'o'inta, ba ta gina ko guda a ƙasar Inuit ba.

Barin gida saboda karatu kuwa ba ƙaramar magana ba ce a wajen waɗannan mutane, domin sun taɓa gani. Kakannin ɗaliban yau a tanti da ɗakin ƙanƙara aka haifi da yawansu. Daga shekarun 1950 gwamnati ta shiga tara iyalai a garuruwa, jirage kuma suka riƙa kwasar yara zuwa makarantun kwana irin ta Chesterfield Inlet, inda aka hana su harshensu, aka ci zarafin da yawa, wasu ta hanyar da baki ba ya iya faɗa. A lokacin ma hukuma ba da suna take sanin mutum ba, da lamba ce a jikin wani ɗan faifai da ake ratayawa a wuya. A farkon shekarun 1960 aka zaɓi yara maza uku 'yan kimanin shekara 12, Peter Ittinuar da Zebedee Nungak da Eric Tagoona, aka kai su Otawa aka ajiye a gidajen Turawa don a gwada ko kan ɗan Inuit zai ɗauki karatun boko. Ya ɗauka kuwa. Ittinuar ya zama ɗan Inuit na farko a majalisar wakilan tarayya a 1979, Nungak yana cikin waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar arewacin Kwibek ta 1975, Tagoona ya shugabanci ƙungiyar Inuit ta ƙasa. Amma kowannensu ya biya da wani abu na harshe da zumunci da kwanciyar rai. Haka makarantar koyon sana'a ta Churchill, wadda ta yi aiki daga 1964 zuwa 1973: a nan matasa daga sassan da ba su taɓa haɗuwa ba suka san juna, daga cikinsu aka samu shugabanni irin su John Amagoalik da Sheila Watt-Cloutier. Makarantar da ta raba su da iyayensu ita ce ta ba su makamin da suka ƙwato ƙasarsu da shi. Makarantun kwana na ƙarshe a Arewa sai a 1997 aka rufe su. Saboda haka idan kaka ta yi shiru lokacin da jikarta ta ce za ta tafi Kudu karatu, kada a yi gaggawar cewa ba ta san darajar ilimi ba. Ta san abin da jirgi ya taɓa ɗauka, ta kuma san yadda ya dawo da shi.

Kafin ma a kai ga maganar jirgi, akasarin yara a sakandare suke zubewa. Ƙungiyar Inuit Tapiriit Kanatami, wadda ke magana da yawun 'yan Inuit na Kanada, ta fitar da alƙaluma a 2018 da suka nuna cewa a yankunan huɗu, kashi 34 ne kawai na 'yan Inuit masu shekara 25 zuwa 64 ke da takardar gama sakandare, yayin da a ƙasar baki ɗaya adadin ya kai kashi 86. Tsohon alƙali Thomas Berger, wanda aka ɗora wa aikin sasanta rikicin Sashe na 23, ya bi diddigin matsalar a rahotonsa na 2006 har ya kai ta cikin aji. Yaro yana fara firamare da Inuktitut, harshen da ya tsotsa. Yana kaiwa aji huɗu ko biyar sai a juya masa komai zuwa Ingilishi a tashi ɗaya, saboda malaman da ke jin harshensa sun ƙare. Bai ƙoshi da nasa ba, bai kama na baƙo ba. Daga nan sai ya fara ganin kansa a matsayin daƙiƙi, sai fashi, sai ya daina zuwa ɗungurungum. Berger ya ce kusan uku cikin huɗu ba sa gamawa, ya kuma ce maganin shi ne karatu da harsuna biyu tun daga rabin aji har ƙarshen sakandare. A ganina babu wanda ya karanta rahoton nan da zuciya ɗaya da zai ce ba a san ciwon ba.

A ƙara da gida. Fiye da rabin 'yan Inuit na Arewa a cunkushe suke zaune, kaka da iyaye da 'ya'ya da jikoki a gida mai ɗaki biyu ko uku, a ƙasar da ba a iya fita tsakar gida a shimfiɗa tabarma, sanyi yana kai digiri 40 ƙasa da sifiri, rana kuma a wasu garuruwan takan ɓace makonni. A ina yarinya za ta zauna ta yi aikin gida? Wanda ya jure ya gama ma, sau da yawa sai ya tarar ƙaramar makarantar garinsu ba ta koyar da lissafi da kimiyyar da jami'a ke nema ba, don babu malamin. A Nunavik abin ya taɓa kaiwa ɗaliban da suka gama sakandare daga 2015 aka ba su wata takardar shaida maimakon cikakkiyar difloma ta lardin Kwibek, saboda manhajar lissafi da kimiyya ba ta cika sharaɗin ma'aikatar ilimi ba, kuma iyaye da yawa ba su san haka ba sai daga baya.

Wadda ta tsallake duk wannan, kuma galibi mace ce, domin mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba a cikin masu ci gaba da karatu, sai ta hau ƙaramin jirgi zuwa Iqaluit, daga nan awa uku zuwa Otawa. Gwamnatin Nunavut tana da tallafin karatu da kowa ke kira FANS, yana biyan kuɗin makaranta da na jirgi da ɗan abin kashewa, sai dai ɗalibai sun daɗe suna kukan jinkirin biya da kuma yadda haya ke cinye shi. Da yawansu ba 'yan shekara 18 ba ne. Nunavut ce ta fi ko'ina a Kanada yawan haihuwa da yawan matasa, don haka ɗaliba takan sauka da goyo a cikin amauti, rigar nan mai aljihu a baya da ake saka jariri, ta fara neman gidan reno kafin ta nemi ajinta. Ta fito daga garin da ta san sunan kowa da na kakansa, ga ta a ɗakin lacca da ya fi rabin garinsu yawan mutane. A gida idan aka tambaye ka abu, ɗaga gira shi ne e, yamutsa hanci shi ne a'a. Malamin Kudu yana tsaye yana jiran amsa, ita kuwa ta riga ta ba shi. An rene ta a kan cewa yaro mai tarbiyya kallo yake yi ya koya, ba ya katse babba, ga shi nan ana ba da maki a kan yawan magana a aji. Wani lokaci kuma, da zarar an ambaci 'yan asalin ƙasa, sai duk aji ya juyo gare ta, ta zama mai amsa tambaya a madadin mutum dubu 70.

Sannan ga kewar abinci, wadda ba wasa ba ce. Ranar da kwali ya iso daga gida ta jirgi, da daskararren naman tuktu, barewar ƙasar ƙanƙara, da kifi da fatar kifin whale mai kitse da suke kira maktaaq, ranar salla ce. A shimfiɗa kwali a ƙasa, a zauna a kewaye, a fito da ulu, wuƙar mata mai siffar jinjirin wata, a yi ta yanka ana ci ana hira da Inuktitut. Abin da ya fi mayar da ɗalibi gida kafin ya gama ba wahalar darasi ba ce. Waya ce da ke zuwa da labarin rasuwa, sau da yawa ta matashi da ya kashe kansa, domin wannan annoba ta ninka ta sauran Kanada sau da yawa a tsakanin 'yan Inuit. Ya tafi jana'iza, tikitin dawowa ya gagara ko zuciya ta ƙi, zangon karatu ya wuce.

Wata ƙaramar makaranta a Otawa ta nuna cewa ana iya sauƙaƙa wannan tafiya. Nunavut Sivuniksavut an kafa ta a 1985 don horar da matasan da za su riƙa zagawa garuruwa suna bayyana wa jama'a yadda tattaunawar mallakar ƙasa ke tafiya. Da aka gama tattaunawar sai ta rikiɗe ta zama zangon share fage. Matasa 'yan Inuit zalla suna yin wata takwas tare, ƙarƙashin inuwar kwalejin Algonquin, suna karanta tarihinsu da yarjejeniyar 1993 sashe bayan sashe, da Inuktitut da Ingilishi, suna koyon biyan haya da hawan bas, da yamma kuma waƙa da kiɗan ganga. Da yawa a nan suke fara jin labarin faifan lamba da kashe karnukan sululu da tilasta wa iyalai ƙaura zuwa can ƙuryar Arewa a 1953, abubuwan da suka faru da kakanninsu amma ba a faɗa a gida ba. Yaron da ya taso yana ganin talaucin garinsu kamar halitta ce sai ya gane yana da mafari, kuma mutanensa ba su zauna sun naɗe hannu ba. Tsofaffin ɗalibanta sun cika ofisoshin gwamnati da ƙungiyoyin Inuit. A 2017 aka buɗe irinta a Montiriyal don matasan Nunavik.

Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa ita ce abin da ke faruwa duk lokacin da makaranta ta taso ta je wajen ɗaliban. Lokacin da aka kafa Nunavut, lauya ɗan Inuit guda ɗaya ne a yankin, Paul Okalik, wanda ya yi karatu a jami'o'in Carleton da Otawa. An rantsar da shi lauya a Fabrairun 1999, cikin 'yan makonni kuma ya zama firimiya na farko yana da shekara 34. A 2001 jami'ar Victoria ta yarda ta kai digirin lauya Iqaluit da sunan Akitsiraq. Malamai ne ke hawan jirgi, ɗalibai suna kwana a gidajensu, dattijo yana koyar da shari'ar gargajiya ta Inuit, ana kuma biyan ɗaliban abin da za su riƙe iyali. A 2005 mutum 11 suka fito da digiri. Ɗaya daga cikinsu, Madeleine Redfern, ta yi aiki da wata alƙaliya a Kotun Ƙolin Kanada, daga baya ta zama magajiyar garin Iqaluit. A 2009 mata 21 'yan Inuit suka karɓi digiri na biyu a fannin ilimi daga jami'ar tsibirin Prince Edward, akasarin karatun a Nunavut aka yi shi. Jami'ar Saskatchewan ta ɗauki ɗaliban lauya 25 a Iqaluit a 2017, 22 suka gama a 2021. Duk wanda ya ga 22 cikin 25 a ƙasar da ake cewa yara ba sa gama sakandare ya san matsalar ba a kan ɗaliban take ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne tazarar da ke tsakanin 2005 da 2017. Shekara 12 babu ajin lauya, saboda kuɗin zagaye na biyu bai samu ba. Wanda shekarunsa suka dace da buɗewar ƙofa ya shiga, wanda ya makara da shekara ɗaya sai ya jira har ya yi furfura ko ya tafi Kudu. Kwalejin Nunavut Arctic, mai rassa a Iqaluit da Rankin Inlet da Cambridge Bay da cibiyar karatu a kowane gari, ita ce ke ɗauke da nauyin yau da kullum, amma digirinta na aro ne daga jami'o'in Kudu: na nas ta fara da Dalhousie, na malanta kuma, wanda tushensa ya koma 1979, ya bi ta hannun McGill da Regina kafin Memorial.

Mai digiri ɗan Inuit ba ya yawon neman aiki a Arewa, aiki ne ke nemansa. Gwamnatin yanki tana so, ta tarayya tana so, ƙungiyoyin Inuit da kamfanonin haƙar zinare da tama duk suna so, tun bai cire rigar yaye ba. Bambancin da takarda ke kawowa kuma a bayyane yake. A alƙaluman 2018 ɗin nan, ɗan Inuit na tsaka-tsaki a yankunan huɗu yana samun dalar Kanada 23,485 a shekara, baƙon da ke zaune tare da shi a ƙasa ɗaya yana samun 92,011. Wanda ya samu digiri ya tsallaka daga wannan layi zuwa wancan, shi da duk dangin da za su ci daga albashinsa, domin a can ma rabo wajibi ne.

Amma wannan rububi yana da ɓarnarsa, kuma makaranta ce ke fara jin jiki. Malamar firamare mai digiri da harsuna biyu ita ce mutumin da kowace ma'aikata ke mafarki. Sai a yi mata tayin ofis mai ɗumi da albashi mafi tsoka, babu yara 25 masu yunwa a gabanta kowace safiya. Ba mai ganin laifinta idan ta karɓa. Sai dai ajin da ta bari baƙo ne zai gaje shi, yaran su faɗa ramin da Berger ya kwatanta, masu gama sakandare su ragu, masu shiga horon malanta su ƙara raguwa. Ita kuma a ofis sai ta tarar da Ingilishi ake taro, da Ingilishi ake rubuta takarda, ita ce tafinta ba tare da an ɗauke ta aikin tafinta ba, ita ce ke nuna wa sabon shugaban da aka kawo daga Kudu yadda ake aiki, bayan shekara biyu ta sake nuna wa wani. Gida ma matsala ne: akwai wanda ya gama karatu yana son komawa garinsu amma babu ɗakin da zai shiga sai na iyayensa, gidajen ma'aikata kuwa ba sa isa. Wasu fannonin ma babu wurin yin su a Arewa. Donna May Kimmaliardjuk, likitar tiyatar zuciya ta farko a cikin 'yan Inuit, asalin danginta Chesterfield Inlet ne, amma a Otawa ta girma, a Kudu ta yi karatu, kuma asibiti ɗaya tilo da ke Nunavut ba a tiyatar zuciya a cikinsa.

Akwai kuma tambayar da dattawa ke yi, wadda nake ganin tana da nauyi: wa ya ce takarda ce kaɗai ma'aunin sani? Mafarauci da ke duban launin ƙanƙarar teku ya san inda za ta ɗauki mutum da inda za ta rufta, wanda masu bincike daga jami'o'i ba sa iya taka ko'ina sai da shi, a ma'aunin ɗaukar aiki bai gama firamare ba. Ita kanta Mary Simon, wadda ta zama gwamna-janar ta Kanada a 2021, a aji shida ta bar makarantar gwamnati a Kuujjuaq, mahaifinta ne ya ƙarasa koyar da ita a gida da darussan da ake aikowa ta gidan waya. Makarantar Piqqusilirivvik da aka buɗe a Clyde River a 2011, inda dattawa ke koyar da farauta da ɗinkin fata da sanin ƙasa, wani yunƙuri ne na ba wannan ilimi mazauni. Sharuɗɗan da ake rubutawa a tallan aiki dai har yanzu na Kudu ne.

Shugabannin Inuit ba su tsaya ga roƙo ba. A 2006 ƙungiyar Nunavut Tunngavik, mai kula da yarjejeniyar 1993, ta maka gwamnatin tarayya a kotu kan saɓa alkawari, a 2015 aka sasanta a kan dala miliyan 255.5, aka ware miliyan 175 daga ciki don horar da 'yan Inuit. Kasafin tarayya na 2019 ya sa dala miliyan 125.5 na shekara 10 don karatunsu na gaba da sakandare. A ɓangaren harshe kuwa baya aka koma. Dokar ilimi ta Nunavut ta 2008 ta yi alkawarin karatu da harsuna biyu a dukkan azuzuwa kafin 2020. Da lokacin ya zo babu malamai, sai majalisar yankin ta ɗage wa'adin manyan azuzuwa zuwa 2039, abin da ya sa ƙungiyar Nunavut Tunngavik ta kai gwamnatin Nunavut ɗin kanta kotu a 2021.

A Nuwamban 2024 Natan Obed, shugaban Inuit Tapiriit Kanatami, ya ba da sanarwar cewa gidauniyar Mastercard ta ba da dala miliyan 50 don kafa jami'ar Inuit Nunangat, wadda 'yan Inuit za su mallaka su kuma tsara manhajarta, ana sa ran buɗe ta a 2030. Kuɗin somin-taɓi ne, sauran sai gwamnati da wasu masu bayarwa sun cika. Kafin ranar buɗewa dole a gina ɗakunan kwanan da za su ɗauki ɗalibi da iyalinsa, a samar da intanet mai ƙarfi a yankin da har yanzu akasarinsa ya dogara da tauraron ɗan'adam, a kuma nemo malaman jami'a masu jin Inuktitut daga cikin 'yan tsirarun nan da ma'aikatu da makarantu da kamfanoni suka riga suke ja-in-ja a kansu.